Me ya sa waƙa ke maƙale wa mutum a kai ta ƙi fita?

Duk wanda ke tasowa daga Keffi da asuba zuwa wurin aiki a Abuja ya san cewa tafiyar da ba ta wuce ta awa guda ba kan ninka idan aka tarar da cunkoso a Masaka da Mararaba da Nyanya. A tsawon wannan zama direba kan kunna waƙa, ta ƙare, ta sake zagayowa. Fasinja bai zaɓe ta ba, wataƙila ma mawaƙin ba ya burge shi. Amma da zarar ya sauka sai ya tarar amshin ya biyo shi ofis, ya raka shi wurin cin abinci, ya tsaya tare da shi a sahun sallah. Da dare ya kwanta, gida ya yi tsit, amma kiɗan na nan yana kai-komo a cikin kansa.

Haka abin yake ga uwargida a kicin, da ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke bita a ɗakinsa a Unguwar Lambu, da yaron da ko magana bai gama iyawa ba amma ya haddace waƙar tallar da ake sakawa a rediyo. Wasu kan yi dariya su wuce. Wasu kuwa abin kan dame su har su fara tambayar kansu ko lafiya, musamman idan waƙar ta hana barci ko ta kutsa cikin ibada.

Ba kai kaɗai ba ne

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, wannan ba ciwo ba ne. Jamusawa sun daɗe da raɗa wa abin suna, wanda ma'anarsa ita ce "tsutsar kunne", duk da cewa babu wata tsutsa a ciki. A wani bincike da Lassi Liikkanen ya gudanar a ƙasar Finland, inda aka tambayi mutum sama da 12,000, kusan tara cikin kowane goma sun ce waƙa na maƙale musu a kai aƙalla sau ɗaya a mako. Wato wanda abin ba ya samu shi ne baƙo a cikin jama'a.

A shekarar 2005 masana a Kwalejin Dartmouth da ke Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka kunna musu waƙoƙin da suka sani, sannan suka riƙa katse sautin na ɗan lokaci. Sai aka ga sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da ji bai tsaya ba, ya ci gaba da aiki a lokacin shirun, mutanen kuma suka ce sun ji waƙar na ci gaba a cikin kansu. Ma'ana, ƙwaƙwalwa ba ta jiran rediyo. Idan ta san hanya, da kanta take ƙarasa tafiyar.

Galibi ba waƙar gaba ɗaya ce ke maƙalewa ba. Ɗan guntu ne na daƙiƙoƙi kaɗan, wanda yawanci amshi ne, yake ta zagaye. Yana kuma tasowa ne a lokacin da hankali ba ya kan wani aiki mai nauyi: ana wanke-wanke, ana tuƙi a hanyar da aka saba, ana jiran layi a banki, ko an kwanta ana jiran barci. Wani lokaci kalma ɗaya ce ke tado shi, ko ganin wani wuri, ko tuna wani biki.

Sirrin amshi

Ba kowace waƙa ce ke da wannan naci ba. A shekarar 2016 Kelly Jakubowski da abokan aikinta a Ingila sun fitar da sakamakon tambayar da suka yi wa mutum 3,000 kan waƙoƙin da suka fi maƙale musu. Da suka auna su da wasu waƙoƙin da su ma suka yi tashe amma ba su cika maƙalewa ba, sai suka ga masu nacin sun fi sauri, karinsu mai sauƙi ne wanda kowa zai iya bi, sannan akwai wata 'yar lanƙwasa a ciki da kunne bai yi tsammani ba. Waƙar da aka ji kwanan nan, kuma aka ji ta sau da yawa, ita ce ta fi kama wuri.

Bahaushe ya riga ya san wannan tun kafin a auna shi da na'ura. Waƙar baka ta Hausa a kan amshi aka gina ta. Ko Narambaɗa ne a fada, ko Ɗanƙwairo, ko Mamman Shata da kalangunsa, jagora zai kawo ɗiyan waƙa iri-iri, amma 'yan amshi na komawa kan gindin waƙar sau da yawa kafin a tashi. Shata ya rasu tun 1999, amma har gobe za ka samu dattijo yana ɗaure kaya a tasha yana rera amshinsa ƙasa-ƙasa ba tare da ya lura ba. Ɗiyan waƙar kan ɓace wa mai saurare, gindin ne ke zama.

Abin da ya sauya a yau shi ne yawan maimaicin. A da sai an je biki ko an jira shirin zaɓi-sonka a rediyo. Yanzu waƙa na cikin aljihu. Mai cajin waya a bakin kasuwa ya saka ta a lasifika, mai Keke Napep ya saka, maƙwabci ya sa ta ta zama ƙarar kiran wayarsa. A TikTok da sauran shafukan sada zumunta kuwa, ana yanko daidai wurin da ya fi daɗi, a liƙa shi a bidiyo ɗari-ɗari, mutum ya ji guntu ɗaya sau ashirin kafin ya ajiye waya. Kowa ya tuna yadda waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta shiga kowane lungu a 2020, lokacin kullen korona. Haka 'yan siyasa suka san darajar abin: waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara a zaɓukan 2015 da 2023 sun zauna a bakin magoya baya da 'yan adawa, har da yaran da ba su kai shekarun zaɓe ba.

Akwai kuma batun yankewa. Tun a 1927 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Bluma Zeigarnik ta lura cewa aikin da aka katse ba a ƙarasa ba kan fi tsaya wa mutum a rai. Wasu masana na ganin haka ne ma ga waƙa: idan aka yanke ta a tsakiya, kamar yadda fasinja ke sauka daga mota ko bidiyo ke ƙarewa, ƙwaƙwalwa kan yi ta komawa kanta.

Inda abin ke taɓa gida

Babban wurin da ya shafi lafiya shi ne barci. Mutane da yawa na ɗaukar cewa kwanciya da waƙa a kunne na kwantar da hankali. A 2021 Michael Scullin na Jami'ar Baylor da ke Amurka ya kwanar da mutum 50 a ɗakin gwaji, aka kunna musu sanannun waƙoƙi kafin su kwanta, aka kuma auna barcinsu da na'ura. Waɗanda waƙar ta maƙale wa sun fi daɗewa kafin barci ya ɗauke su, sun fi farkawa cikin dare, barcinsu kuma bai yi nauyi ba. Abin mamaki, waɗanda aka kunna wa zallar kiɗa babu murya sun fi kamuwa. Wannan darasi ne ga matashin da ke kwana da abin sauraro a kunne, sannan ya tashi da safe jiki a mace, ya je aji yana gyangyaɗi.

Na biyu shi ne ibada. Mutum ya tayar da kabbara, ko ya durƙusa addu'a a coci, sai amshin da ya ji a mota ya faɗo masa. Wasu kan shiga damuwa, su ɗauka imaninsu ne ya yi rauni. Malamai sun daɗe suna bayanin cewa tunanin da ya faɗo wa mutum ba da son ransa ba, ba a kama shi da laifinsa. Abin da ke hannun mutum shi ne abin da ya ɗura wa kunnensa kafin ya tashi. Wanda ya ajiye waya yana tsakiyar kallon bidiyo ya nufi buta, ya ɗauki waƙar ya tafi da ita kan sallaya.

Na uku su ne yara. Ido na da marfi, kunne ba shi da shi. Yaro na haddace abin da yake ji tun kafin ya san ma'anarsa, shi ya sa uwa kan ji 'yarta mai shekara huɗu na rera kalaman batsa ko zagin wani ɗan siyasa a gaban baƙi. Duka da tsawa ba sa goge waƙa daga kai, sau da yawa ma ƙara mata armashi suke yi a wurin yaro. Tambayar da ta fi amfani ita ce: a wayar wa ya ji ta, kuma sau nawa?

Yadda za a rabu da ita

Kada a yi kokawa da ita. A 1987 Daniel Wegner ya nuna cewa idan aka ce wa mutane kada su yi tunanin wani abu, sai tunanin ya ƙara dawo musu. Wanda ya dage yana cewa dole waƙar nan ta fita, yana ƙara kiran ta ne. Mafi yawan lokaci idan aka ƙyale ta, da kanta take gajiya ta tafi.

A ba ƙwaƙwalwa aikin da ya ƙunshi kalmomi. Hira da wani, karatu da babbar murya, tilawa, sauraren labarai, ko wasa ƙwaƙwalwa. Binciken Ira Hyman a Amurka a 2013 ya nuna aikin da ya fi taimakawa shi ne matsakaici: idan ya cika sauƙi hankali zai zame ya koma wa waƙar, idan ya cika wuya ma haka.

A tauna cingam. Abin kamar wasa, amma masana a Jami'ar Reading da ke Ingila sun gwada a 2015, suka ga masu taunawa sun fi samun sauƙi. Dalili kuwa, idan mutum na rera waƙa a zuci, yana amfani ne da tsarin da ke sarrafa baki wajen magana. Idan muƙamuƙi na wani aikin, sai rerawar ta samu cikas.

A saurare ta har ƙarshe. Mutane da dama kan samu sauƙi idan suka kunna waƙar daga farko har ta kammala sau ɗaya, sannan suka kashe.

A rufe kiɗa kafin kwanciya. A bar tazara tsakanin ajiye waya da hawa gado, haka nan a ba kunne 'yan mintoci na shiru kafin ibada ko zaman karatu.

Yaushe ya kamata a ga likita?

Waƙar da ta maƙale, mai ita ya san a cikin kansa take. Idan kuwa mutum na jin kiɗa ko waƙa kamar daga waje take zuwa, har yana leƙa taga yana neman mai rediyo alhali babu kowa, wannan wani abu ne daban. An fi ganin haka ga tsofaffin da jinsu ya ragu, domin idan kunne ya daina kawo sauti sosai, ƙwaƙwalwa kan cike gurbin da abin da ta adana. Bai kamata a yi saurin cewa kaka ta ruɗe ko an yi mata jifa ba. A fara da gwajin ji.

Haka kuma a garzaya asibiti idan abin ya fara ne bayan buguwa a kai, ko yana zuwa tare da farfaɗiya, ruɗewa ko matsanancin ciwon kai, ko bayan fara shan wani sabon magani, ko kuma muryoyi ne ke yi wa mutum magana. Akwai kuma masu fama da waswasi mai tsanani, waɗanda waƙar kan addabe su makonni, ta hana su aiki da barci, su yi ta maimaita alwala ko sallah saboda ita. Wannan lalura ce da ake magancewa. A Keffi ana iya farawa daga asibiti mafi kusa ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, inda likita zai duba ya tura ga ƙwararren da ya dace. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

A mayar da nacin ya zama riba

Wannan ƙofa da tallar sabulu da waƙar kamfe ke bi su shiga kai, magabata sun bi ta da alheri. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta waƙe darussan addini da tarbiyya, jajojinta na 'Yan Taru suka riƙa kai su ƙauyuka, matan da ba su iya karatu ba suka haddace. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta zagaya ƙasar Hausa a bakin mutane. Har yau ma'aikatan jinya a wurin awon ciki da rigakafi kan koyar da mata ta hanyar waƙa da tafi, malaman firamare da na Islamiyya kuma da rerawa suke dasa lissafi da haruffa.

Don haka uwar da ke son ɗanta ya riƙe wanke hannu kafin cin abinci, ko lambar wayar babansa, ko sunan unguwarsu saboda gudun ɓata, ta sa wa abin ɗan kari mai sauƙi, su rera tare safe da yamma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tunda dai kan yaro ba zai zauna babu amshi ba, gara iyaye su riga mai lasifikar bakin titi zaɓa masa.