Kafireta ba ta ɗanɗana damu

Duk mai shan fura a kasuwar Dutsin-Ma ya san bambancin damun uwa da na 'yar da aka bar wa tsaron ƙwarya. Yarinya an ce mata dunƙule biyu, ludayin nono huɗu, ruwa kaɗan. Haka za ta zuba, ko nonon kindirmo ne ko tsala, ko furar ta kwana ta yi tauri. Uwar kuwa tana damawa tana lura da nauyin ludayi a hannunta, ta ɗiga a bayan hannu ta lasa, sannan ta san ko za ta ƙara ruwa.

Injin mota ma damu yake sha, na iska da fetur, kuma yadda ya fi so shi ne iska kashi 14.7, fetur kashi 1, a ma'aunin nauyi. Kafireta ita ce yarinyar nan. Ƙofofin da mai ke bi a cikinta an huda su da girma ɗaya tun daga masana'anta. Da asubahin hunturu, lokacin da iska ta yi sanyi ta yi nauyi, fetur kuma ya ƙi tashi, sai direba ya ja cok ko yara su tura. Da tsakar ranar bazara iska ta yi sakayau, mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta riƙa warin ɗanyen fetur. Ba lalacewa ta yi ba, iyakar abin da aka koya mata ke nan.

Injekta mai birenbos, wato kwamfutar mota, tana da harshe. Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a jikin salansa, wadda kamfanin Bosch ya fito da ita a motocin Volvo a 1976, tana ɗanɗana hayaƙi ta gaya wa birenbos ko mai ya yi yawa ko ya gaza. Wasu na'urorin na auna zafin inji, da iskar da ke shiga, da yadda ƙafar direba ta taka totur. Kafin ka ƙifta ido an gyara damun sau da dama.

Shi ya sa masu tsofaffin motocin tsere a Turai da Amurka suke cire kafireta su sa wannan tsari. Tun 2001 Bruce Bowling da Al Grippo suka fitar da MegaSquirt, birenbos da mutum zai iya harhaɗawa da hannunsa ya saita da kwamfuta. Mu ma muna da motar da ta cancanci wannan gata. Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a shekarar ce ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, kuma mai ƙofa biyunta ta sake lashewa a 1978. Wanda ya gaji irinta daga mahaifinsa, tana lulluɓe da tamfol a ƙofar gida a Wurma ko Kurfi, yana da jinin tsere a ajiye.

Sai dai a wajenmu baya ake komawa. Golf ta haya da ta zo da injekta, da zarar ta fara gardama, sai a kwance nozul a ɗora mata kafireta, domin ita bakanike ya sani, da sukundireba da kunne yake saita ta. Ban ga laifinsa ba; mutum ne mai neman tashin mota kafin fasinja su watse. Amma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023, kowane cokalin fetur da ya fita ta salansa bai ƙone ba daga tukunyar iyalin direba aka ɗebe shi. Wannan yana ci mini rai, don sau tari abin da ya lalace waya ɗaya ce ko matatar mai da ta toshe.

Mai son juya 504 ɗinsa zuwa injekta kada ya fara da sayen kaya, cikakken saiti yakan haura dala 1,000. Ya fara da tanki. Kafireta takan haɗiye tsatsa da dattin man bumburutu ta wuce, amma ƙofar nozul ta fi kan allura ƙanƙanta. Ana buƙatar sabon famfo, don injekta na son matsin da ya ninka na kafireta kusan sau goma, da tiyo mai jure shi, da hanyar mayar da rarar mai tanki. Sai a kira mai wayarin ya bi tsofaffin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya duba altaneta, domin birenbos ba ta aiki da wuta mai rawa. Matatar iska kuma, a ƙurar da muke sha daga Disamba zuwa Fabrairu, ba abin wasa ba ce.

Ko an gama ɗaurawa, birenbos ba ta san wannan inji ba tukuna. Dole wani ya zauna kusa da direba da kwamfuta a cinya, a bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Katsina ana takawa ana saki, ana gyara lambobi, a sake tayar da motar da sanyin asuba a ga yadda za ta amsa. Masu iya wannan zama su ne ba mu da su da yawa. Ga yaran Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna karanta kwamfuta, ga yaran gareji a bakin titi sun san kukan inji tun suna 'yan shekara goma. Oga ɗaya da zai ware tsohon inji a kan benci, ya gayyaci ɗalibai biyu ranar Asabar su zo da kwamfutarsu, ya isa a fara.