Tambuwal da Kebbe: Tarihinsu da Abubuwan Dubawa

Garin Tambuwal yana kudu maso yamma da birnin Sakkwato, kimanin kilomita 100, a kan babbar hanyar da ta nufi Jega. Matafiyi mai gaggawa yakan wuce shi ba tare da ya san cewa ya ratsa ɗaya daga cikin garuruwan da suka tsare Daular Usmaniyya ba.

Bayan jihadin da aka fara a 1804, da rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1817, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa tsarin ribaɗi, watau a zaunar da jama'a a garuruwan bakin iyaka, su yi noma, su yi karatu, su kuma tsare ƙasa. Yankin Tambuwal ya zama hannun ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami kuma jarumi. Muhimmancin wurin ya ƙara bayyana daga 1849, sa'ad da Kabawa suka tayar da kayar baya a ƙarƙashin Yakubu Nabame na Argungu, domin Gwandu ba ta da nisa daga nan, kuma tilas a kiyaye hanyar da ta haɗa ta da Sakkwato.

Zuriyar Buhari ta riƙe sarautun wannan yanki. Daga Dogon Daji, cikin ƙasar Tambuwal, aka sami Alhaji Ibrahim Dasuki, wanda ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1988 zuwa 1996, kuma shi ne na farko daga gidan Buhari.

Kebbe kuwa tana kudu, kusa da gulbin Zamfara. Kada a rikita ta da Kabi, tsohuwar daular Kanta, wadda Jihar Kebbi ta ɗauki sunanta a 1991. Arzikin Kebbe yana ga fadamarta, inda ake noman shinkafa da kamun kifi, musamman wajen Kuci. Ƙananan hukumomin biyu mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Aminu Waziri Tambuwal ya wakilce ta daga 2003, ya zama Kakakin Majalisar a 2011, sa'an nan Gwamnan Sakkwato daga 2015 zuwa 2023.

Baƙon da ya sauka a Tambuwal, ya kamata ya fara da fadar Sarki da masallacin Juma'a, kana ya tsaya ranar kasuwa, ya ga hatsi da dabbobin da ake kawowa daga ƙauyuka. Amma babban abin dubawa ba gini ba ne. Yana cikin littattafan hannu da ke gidajen malamai, da kuma bakin dattawa. Ginin ƙasa damina take ci, takarda gara take ci, dattijo kuma ajali yake jira. Hakki ne a kan ɗalibai da ma'aikatan hukuma su rubuta abin da ya rage tun yana nan, domin ranar da aka rasa shi ba inda za a sayo wani.