Hifokamfus da Amigdala

Hifokamfus da amigdala sassa biyu ne na ƙwaƙwalwa da ke maƙwabtaka da juna a can ciki, daura da kunne, kuma kowanne yana da na dama da na hagu. An fi sanin hifokamfus da aikin adana sababbin abubuwan da suka faru da mutum, amigdala kuma da tsoro da sauran motsin rai. Bincike ya nuna cewa su biyun suna aiki tare wajen gane mutane, riƙe zumunci da sanin wanda za a amince da shi.

Yadda suke aiki

Idan abu ya faru, hifokamfus ne ke haɗa bayanansa wuri ɗaya: wane ne, a ina, yaushe. Amigdala kuwa ita ke auna nauyin abin a rai. Idan ya zo da firgita ko farin ciki mai yawa, takan sa hifokamfus ya riƙe shi da ƙarfi. Shi ya sa mutum kan manta abin da ya ci makon jiya, amma ba ya manta ranar da aka yi masa rasuwa.

Zaman tare ma yana dogara da wannan aiki. Kafin mutum ya gaida wani yadda ya dace, sai ya tuna ko baffansa ne ko surukinsa, da abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka sun dakatar da aikin wani yanki na hifokamfus mai suna CA2 a ƙwaƙwalwar ɓeraye. Ɓerayen sun ci gaba da gane wurare da abubuwa, amma sun kasa tuna ɓeran da suka taɓa haɗuwa da shi.

Darussa daga majinyata

A shekarar 1953 likita William Scoville ya yi wa Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya, ya cire masa mafi yawan hifokamfus da amigdala na ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta ragu, amma har ya rasu a 2008 bai ƙara iya riƙe sababbin abubuwa ba. Brenda Milner ta shafe shekaru tana nazarinsa, duk da haka kowace zuwa sai ta sake gabatar masa da kanta.

Wata mata da ake kira S.M. kuma amigdalarta ce ta lalace. Rahoton da aka wallafa a 1994 ya nuna tana shan wahalar gane tsoro a fuskar mutane, ko da yake tana gane su wane ne.

A shekarar 2010 masu bincike a Jami'ar Iowa sun nuna wa masu lalacewar hifokamfus finafinai na baƙin ciki da na ban dariya. Bayan ɗan lokaci sun manta abin da suka kalla, amma baƙin cikin ko nishaɗin bai gushe ba. An sami irin wannan sakamako a 2014 ga masu cutar Alzheimer. Ke nan abin da aka ji a rai yana iya daɗewa bayan an manta sanadinsa.

A Jihar Sakkwato

Daga cikin cututtukan da ke iya taɓa waɗannan sassa akwai sanƙarau, farfaɗiya, da cutar mantuwa ta tsufa, wadda takan fara ɓarna daga hifokamfus da kewayensa. Sakkwato tana cikin yankin Afirka da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin rani, kuma tana cikin jihohin da annobar 2017 ta fi shafa, tare da Zamfara da Katsina. A ƙananan hukumomi irin su Boɗinga da Shagari da ke kudancin jihar, manyan cibiyoyin da ake iya neman ƙwararru su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

Muhimmanci ga iyali

A ƙasar Hausa 'ya'ya da jikoki ne suka fi jinyar tsofaffi a gida, kuma sau da yawa akan ɗauki mantuwa da sauyin hali a matsayin ruɗewar tsufa ko taɓin aljanu. Sakamakon binciken da aka ambata yana nuna cewa dattijon da ya manta an kai masa ziyara yana iya wuni cikin jin daɗinta, haka kuma tsawar da aka yi masa tana iya barinsa cikin damuwar da bai san dalilinta ba. Saboda haka masana suna ba da shawarar a ci gaba da ziyartar mai mantuwa da tausasa masa murya, ko da bai gane mai magana da shi ba, kuma a kai shi asibiti da zarar an ga alamun farko.