Alkawari Kaya Ne: Yadda Mai Sana'a a Cikin Gida Za Ta Zaɓi Manhajar Tsara Lokaci

   

Hirarmu ta yau da ke ce, 'yar'uwa mai kitso, mai lalle, mai dilka da halawa, mai wankin kai, da ke mai keken ɗinki a ɗaki. Sana'arku ta bambanta da ta mai ƙuli-ƙuli ko mai man gyaɗa. Ita mai ƙuli, in bai ƙare yau ba, gobe yana nan a cikin roba. Ke kuwa lokacinki kike sayarwa. In kika zauna daga azahar zuwa la'asar kina jiran wadda ba ta zo ba, wannan lokacin ya tafi ke nan, babu kasuwar da za ki je ki sayo shi.

Kowa ta san yadda jajibirin Sallah yake a gidan mai lalle. Mata huɗu a tsakar gida, kowacce na cewa ita aka ce wa ta zo bayan azahar. Tukunya na kan wuta, yara na kuka, maigida na gab da dawowa. Ki tuna fa, wadda ta zo ɗin nan ita ma matar aure ce kamarki. Izinin awa biyu ta nema wurin mijinta, ta biya kuɗin mota, ta bar jariri wurin kishiya ko maƙwabciya. In ta koma gida ba lalle, kin yi asarar kuɗinta, kin kuma yi asarar yardarta, wadda ta fi kuɗin tsada. Shi ya sa Bahaushe ya ce alkawari kaya ne, kuma dukkanmu mun san matsayin cika shi a addininmu.

To mece ce manhajar tsara lokaci? Manhaja dai ita ce irin abubuwan nan da ake saukewa a babbar waya, kamar WhatsApp. Ta tsara lokaci kuwa littafi ne a cikin waya, wanda za ki rubuta wance, rana kaza, ƙarfe kaza, aiki kaza. Bambancinta da littafin takarda shi ne tana yi miki ƙara ta tuna miki, tana nuna miki in kin haɗa mutum biyu a lokaci ɗaya, kuma yaro ba zai yage ta ya ƙunshe gyaɗa ba.

Iri uku ne za ki ci karo da su. Na farko shi ne kalandar waya, kamar Google Calendar, wadda ta fito tun 2006, kuma yawancin wayoyin Android da ita suke zuwa. Kyauta ce. Ke ce ke rubuta komai da hannunki, ita kuma ta tuna miki. Kina iya ba kowane aiki launinsa, a ce ja na lalle, kore na kitso. Mai zuwa kitso duk bayan mako biyu, sau ɗaya za ki rubuta ta, ki ce ta riƙa maimaitawa.

Na biyu shi ne WhatsApp Business, wanda aka fitar a 2018 don masu ƙananan sana'o'i. Shi ba kalanda ba ne, amma yana taimaka wa kalanda. Yana ba ki damar ware mutane rukuni-rukuni, waɗanda suka biya da waɗanda ba su biya ba. Kina iya ajiye amsar da kike yawan bayarwa, kamar farashin aiki, ki tura ta da taɓawa ɗaya. Yana kuma amsa wa mutane da kansa cewa kin tashi aiki, in sun turo saƙo da dare. Sai dai lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na kullum da na sana'a a lokaci guda, don haka in kina son duka biyun, sai kin tanadi layi na biyu.

Na uku su ne waɗanda abokiyar ciniki ke shiga da kanta ta intanet, ta ga lokacin da ba kowa, ta kama. Akwai Calendly, wanda wani ɗan Nijeriya haifaffen Legas, Tope Awotona, ya kafa a Amurka a 2013. Akwai Fresha da Booksy, waɗanda aka yi su musamman don shagunan gyaran gashi da kwalliya. Waɗannan su ne aka fi tallatawa, su ne kuma ɗanki ko ƙaninki zai fi ce miki su ake yayi.

Kada yayi ya ruɗe ki. Wadda ta fi kyau ita ce wadda ta dace da gidanki, da wayarki, da mutanen da ke zuwa wurinki. Ga tambayoyin da za ki yi wa kanki kafin ki sauke kowacce.

Tambaya ta farko: su wane ne masu zuwa wurinki, kuma ta yaya suke miki magana? Ki zauna ki lissafa mutum ashirin na ƙarshe da kika yi wa aiki. Nawa ne suka kira waya? Nawa suka turo saƙon murya? Nawa suka aiko yaro ya ce Mama ta ce ko da wuri gobe? Manhaja irin Calendly sai mutum ya rubuta sunansa da adireshin imel kafin ya kama lokaci. Da yawanmu kuwa imel ɗin da ke wayarmu mai shagon waya ne ya buɗe mana, ba mu taɓa leƙa shi ba. In mutanenki na saƙon murya ne da ɗan aike, to manhajar da za su shiga da kansu ba taki ba ce, komai kyanta. Kalanda da WhatsApp sun wadatar. Amma in yawancinsu ma'aikata ne da ɗalibai masu karatun boko, kuma kina da yara biyu ko uku da ke aiki a ƙarƙashinki, nan ne iri na uku zai fara yi miki amfani.

Tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi kowacce nauyi gare mu: wa ke da ikon cewa a zo? Waɗannan manhajoji na shaguna an gina su ne don shagon bakin titi, wanda burinsa kowa ya gan shi, kowa ya shigo. Wasunsu suna da kasuwa a ciki, inda suke nuna sunan shago da hotunansa da inda yake a taswira ga duk wanda ya bincika. Ke kuwa shagonki ɗakinki ne, a gidan mijinki, gidan da aka rubuta "Ba a shiga" a bakin zaure. Ba kya son wanda ba ki sani ba, mace ko namiji da ya ɓoye da sunan mace, ya sami kwatancen gidanki har da sa'ar da kike ciki. Saboda haka ki duba: shin za ki iya ɓoye adireshi? Shin in mutum ya nemi lokaci, sai kin amince tukuna, ko kuwa da ya taɓa shi ke nan ya kama? In ba za ki iya ɓoyewa ba, ba kuma za ki iya ƙi ba, ki bar ta. Kwatancen gida sai bayan kin ji muryar mutum, kin san ta hannun wa ta zo. Kuma kafin ki sa sunanki ko lambarki a ko'ina, ki zauna da maigida ku yi shawara. Ki nuna masa yadda abin yake aiki. Abin da aka fara da saninsa shi ne ke ɗorewa.

Tambaya ta uku: nawa za ta ci miki? Kalmar "kyauta" tana da ƙofofi da yawa. Wata kyauta ce na kwanaki kaɗan na gwaji, daga nan a fara cirar kuɗi duk wata. Wata kyauta ce amma an taƙaita ta, kamar Calendly da ke ba ki nau'in aiki ɗaya tak in ba ki biya ba, alhali ke kina kitso, kina lalle, kina wankin kai, kowanne da tsawon lokacinsa. Wata kuma, kamar Fresha, tana karɓar kaso daga kuɗin sabuwar abokiyar cinikin da ta same ki ta kasuwarsu. Sannan da yawansu da dala ake lissafin kuɗinsu. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. A ce manhaja tana cin dala 10 a wata: a wannan farashin naira 15,000 ke nan. In kina karɓar 1,500 a kai ɗaya, kin ga kai goma za ki kitsa wa kamfani kafin ki kitsa wa kanki. Ki ɗora kuɗin data a kai, wanda shi ma ya tashi bayan hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Ki riƙa auna kuɗin manhaja da yawan kawuna, nan take za ki gane ko ta cancanta.

Tambaya ta huɗu: in ba data, ko sabis ya ɗauke, za ki iya ganin wa ke zuwa gobe? Ki gwada da kanki. Kashe data, buɗe manhajar. Kalandar waya tana nuna miki abin da kika rubuta ko ba intanet. Wasu kuwa farin allo kawai za ki gani. Ki duba kuma ko ba ta cika miki waya ba, ko ba ta shanye caji ba, tunda mun san halin wutarmu.

Tambaya ta biyar: tana bin tsarin rayuwarki, ko ke za ki bi nata? Ranarki ba irin ta shago ba ce. Akwai lokutan salla, akwai ranar girkinki, akwai dawowar yara daga boko da tafiyarsu Islamiyya, akwai Juma'a. Ki fara toshe waɗannan a kalanda kafin ki sa ko mutum ɗaya. Sannan ki ba kowane aiki haƙƙinsa na gaskiya. Shuku ba kalaba ba ne, lallen hannu ɗaya ba na amarya ba ne, kuma lalle sai ya bushe kafin mai shi ta tashi daga tabarma. Ki ɗauki mako guda kina duba agogo, ki ga ainihin minti nawa kowane aiki ke ci, ki ƙara rabin awa tsakanin mutum da mutum. Ki duba kuma sauƙin ɗaga lokaci. Mu da Sallarmu ta dogara ga ganin wata da sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, a dare ɗaya jajibiri kan matso ko ya ja baya. Manhajar da sai kin goge komai kin sake rubutawa za ta ba ki wahala a ranar da kika fi bukatarta.

Tambaya ta shida ita ce ta amana. Sunayen matan mutane da lambobinsu da ranar bikin 'ya'yansu duk suna hannunki. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, amma tun kafin doka mu mun san amana. In manhaja ta nemi izinin shiga duk lambobin wayarki da hotunanki ba tare da dalili ba, ki hana. Ki sauke daga Play Store kawai, kada ki karɓi wadda aka turo miki a rukunin WhatsApp. Ki sa wa wayarki lambar sirri. Ki kuma tabbata kin san lambar sirrin imel ɗinki, ki rubuta ki adana, domin in waya ta ɓace ko ta faɗa ruwa, da ita za ki dawo da kalandarki a sabuwar waya.

Akwai abu biyu da kalanda ba za ta yi miki ba. Ke take tuna wa, ba mai zuwa ba. Don haka ki mai da shi al'ada, bayan isha ki duba na gobe, ki tura wa kowacce gajeren saƙon murya: "Hajiya, ina tuna miki gobe ƙarfe goma in Allah Ya kai mu." Na biyu, ba za ta hana a saɓa miki ba. Maganin wannan shi ne kafin alƙalami, musamman a aikin amare da na Sallah. A turo wani abu ta banki kafin ki rubuta suna, ki kuma buɗe asusunki ki ga kuɗin sun shiga, kada ki dogara da hoton rasit, don akwai na jabu. Ki faɗa tun farko abin da zai faru da kuɗin in an fasa, don kada zumunci ya ɓaci.

In karatun boko bai yi miki yawa ba, kada ki ce wannan ba naki ba ne. 'Yarki ko ƙanwarki ta zauna da ke yini ɗaya ta nuna miki, amma ke za ki riƙa taɓawa da hannunki har ki saba. Ki fara da guda ɗaya, ki gwada ta wata guda a lokacin da aiki bai yi yawa ba, ba ana saura kwana uku Sallah ba. Littafinki na takarda kuma ya zauna a gefe har sai kin tabbata. In bayan wata ɗaya jira ya ragu, rigima ta ragu, abinci na sauka a kan kari, to kin dace. In kuwa ta ƙara miki aiki, ki goge ta ba tare da jin kunya ba, ki koma wa littafinki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To 'yan'uwa, a nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofarmu a buɗe take kamar kullum. Allah Ya ba mu ikon cika alkawari, Ya sa wa sana'armu albarka, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.