Kuturta da bitamin B: inda suka haɗu

A unguwannin Djidjolé da Zongon Lome, a Togo, wanda yatsunsa suka fara mutuwa yakan nufi farmasi ya sayi bitamin B, ko ya sa a yi masa allurarsa, don kowa ya san maganin jijiya ne. Ƙarancin B12 yana kawo mutuwar jiki, babu musu. Amma idan tare da haka akwai tabo mai haske a fata, wanda ba ya ƙaiƙayi, ko an tsikare shi ba a ji, to kuturta ya kamata a bincika. Bitamin ba ya kashe ƙwayarta.

Duk da haka, maganin kuturta na zamani yana da tsohuwar dangantaka da bitamin B. A 1945, Vital Chorine na Cibiyar Pasteur a Faransa ya gano cewa nikotinamid, wani nau'in B3, yana danne kuturtar ɓeraye. Bai zama maganin kutare ba, sai dai masu tarin fuka sun ci riba, domin bin wannan sawu ya taimaka wajen samar da magungunansu irin su isoniyazid.

B9, wato folat, shi ne ya fi muhimmanci. Ɗan Adam a abinci yake samunsa, cikin alayyafo, wake da hanta. Ƙwayar kuturta kuwa, wadda Hansen ya gano a Norwe a 1873, da kanta take ƙera nata, kuma ba ta hayayyafa sai da shi. Dafson, maganin kuturta, ya yi kama da sinadarin da take farawa da shi, sai ta ɗauke shi bisa kuskure, aikin ya tsaya cik. Tamkar a zuba wa mai tuwo farin yashi a madadin gari. Mu da ba ma ƙera folat, wannan tarko bai shafe mu ba, ko da yake dafson yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu, shi ya sa ake duba jinin mai shansa.

A Uzuakoli, gabashin Najeriya, John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar dafson kaɗan-kaɗan, ga arha. Wannan ya rage dogaro da ƙauyukan kutare irin na Kolowaré kusa da Sokode a Togo. Da ƙwayar ta fara jure dafson, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a haɗa shi da rifamfisin da kulofazimin. Tun 1995 kyauta ake bayarwa, har a Togo: wata 6 ga mai tabo kaɗan, wata 12 ga mai yawa.

Abin da haɗin ba ya iyawa shi ne farfaɗo da jijiyar da ta riga ta mutu. Hannun da ba ya jin zafi yana ƙonewa a murhu mai shi bai sani ba, ciwon ya ruɓe, yatsa ya gutsure. Watannin da aka ɓata ana allurar bitamin, a cikinsu ake wannan asara.