FASHIN BAƘI: Daga Lafiyar Toga zuwa Matan Fada, me ke sa wani sulhu ya ɗore wani ya rushe?

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, inda suka kashe aƙalla mutum 15, muhawara guda ce ke ta dawowa a majalisun matasan Birnin Kebbi, daga Gesse zuwa Badariya, haka ma a shafukan Facebook: shin a zauna da masu ɗauke da makamai, ko kuwa a bar bindiga ta raba gardama?

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Masu adawa da sulhu suna nuna Katsina, inda gwamnatin Aminu Bello Masari ta sasanta da 'yan bindiga a 2016 ta sake a 2019, duka biyun suka wargaje. Suna kuma nuna Zamfara, inda sulhun Bello Matawalle na 2019 bai kai ko'ina ba. Masu goyon baya kuwa cewa suke yi mutanen karkara ne ke biyan kuɗin jinkiri da rayukansu, suna tuna ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a watan Yunin 2021, waɗanda wasunsu suka kusa shekara biyu a daji.

Abin da ke rikita muhawarar shi ne ana kiran abubuwa biyu mabambanta da suna ɗaya. Akwai tsagaita wuta tsakanin shugabanni, akwai kuma gyaran zumunci tsakanin jama'a. Kwarin Rima ya ga dukkansu a tarihinsa, kuma mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu a aikin sasanci, tare da mawaƙa da masu wasan kwaikwayo, sun bar mana abin aunawa.

Sulhun da ya yi shekara takwas

Muhammadu Kanta ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, da hedikwata a Surame. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, amma Kabawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba. Sama'ila Karari ya yi sansani a Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a tsare a fadar Sakkwato, ya sake ɗaga tutar tawaye a 1849. Daga nan aka shiga kai hari da ramuwa, ana ƙone garuruwa, ana kama bayi daga kowane ɓangare.

A 1867 Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i suka ƙulla yarjejeniyar da tarihi ya sani da Lafiyar Toga, wadda a cikinta Sakkwato ta amince da zaman Argungu da kanta. Yarjejeniya ce ta gaske, tsakanin sarakunan da ke da iko da mayaƙansu. Duk da haka shekara takwas kawai ta yi. A 1875 taƙaddama kan mubaya'ar wani gari ta tayar da yaƙin, aka ci gaba har farkon shekarun 1890, lokacin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu babban farmaki bai yi nasara ba.

Lafiyar Toga ta tsayar da iyaka, amma ba ta samar wa Bakabe da Basakkwace wani dalilin haɗuwa ba. Kowa ya koma gidansa da ƙullinsa, yara suka tashi suna jin labarin wanda ya kashe kakansu. Da ɓaraka ta farko ta samu, babu wata igiya tsakanin talakawan ɓangarorin biyu da za ta riƙe sarakuna.

Me ya bambanta 1934?

Turawan mulkin mallaka sun ci Sakkwato a 1903, yaƙi ya tsaya, amma gaba ba ta gushe ba. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Don karrama baƙon aka shirya gagarumin su a Matan Fada. Wannan shi ne asalin bikin kamun kifi na Argungu a siffarsa ta yanzu.

Masarautar ba ta ƙirƙiro sabon abu ba. Su da wasannin ruwa al'adar Kabawa ce tun kafin jihadi. Abin da ya sauya shi ne an buɗe ta ga tsohon abokin gaba, daga baya kuma ta zama taron da ake maimaitawa. A cikinta kowa na da gurbi: masunta da gorunansu da komayensu, 'yan tseren kwalekwale da masu kamun agwagwar ruwa a wasannin kabanci, 'yan kokawa da 'yan dambe, makaɗa, mata masu waƙa da guɗa, 'yan kasuwa masu cin riba. Akwai kuma doka da masu tsare ta. Sarkin Ruwa ke kula da gulbin, Homa ke shugabantar masunta, kuma ana hana su a wannan yanki har ranar biki ta zo, domin kowa ya sami rabo.

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma daga cikin dalilan da ta bayar akwai rawar da yake takawa wajen riƙe zaman lafiya tsakanin Argungu da Sakkwato.

Sai dai akwai gaskiya biyu da bai kamata a tsallake ba. Ta farko, bikin ya yi aiki ne bayan an riga an raba mutane da makaman yaƙi shekara talatin. Ganga ba ta kwance wa kowa ɗamara ba, ta zo ne ta warkar da miki bayan jini ya tsaya. Ta biyu, bikin kansa ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai a watan Maris na 2020, kuma rashin tsaro na cikin dalilan da aka bayar. Al'adar da ke kiyaye zaman lafiya ita ma tana buƙatar a kiyaye ta.

Abin da limami da fasto suka koya

A zamaninmu da wuya a sami waɗanda suka daɗe a aikin sasanci a Arewa kamar Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye na Kaduna. Dukkansu sun jagoranci matasa masu zafin ra'ayi a ɓangarori biyu masu gaba. A rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Wani ɗan jarida ne ya haɗa su a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanci tsakanin addinai da har yanzu take aiki.

A hirarrakin da suka yi da manema labarai cikin shekaru, da kuma fim ɗin da aka yi kan rayuwarsu a 2006, akwai abin da suke yawan nanatawa wanda masu gaggawa ba su son ji: amana ba ta zo ranar da suka gaisa ba. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi kimanin shekara uku suna aiki tare alhali zuciyarsa na raya masa ya kashe abokin tafiyarsa. Ashafa ya ce wata huɗubar Juma'a kan yafiyar Annabi (SAW) ga mutanen Ɗa'ifa ce ta karya masa ƙudurin ramuwa. Abubuwan da suka gina amanar ƙanana ne, irin su zuwan Ashafa duba mahaifiyar Wuye a asibiti.

Su ma sun ɗanɗani irin abin da ya sami Lafiyar Toga. A watan Agustan 2002 suka taimaka shugabannin addini 22 suka sa hannu kan Sanarwar Zaman Lafiya ta Kaduna. Wata uku bayan haka rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ɓarke, aka kashe fiye da mutum 200. Ba su ajiye aikin ba. Bayan kashe-kashen Yelwa da ke Shendam a jihar Filato a 2004, sun zauna da al'ummomin har aka cim ma yarjejeniya a 2005, kuma aka rufe ta da taron biki na jama'a. Bayan rikicin zaɓen Kenya na 2007 an gayyace su can don su yi irin wannan aiki. Tsarinsu bai sauya ba: a fara da kowane ɓangare shi kaɗai, a bar shi ya faɗi abin da aka yi masa, sannan a haɗa su, sannan a fito da abin fili inda talaka zai gani da idonsa.

Ina matsayin mawaƙa da masu fasaha?

Sarakuna da malamai na iya sa hannu, amma saƙon ba ya isa rugga da ƙauye sai ta bakin wanda jama'a ke saurara. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta gane haka. Ta rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan karkara a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. A ƙarni na 20 Sa'adu Zungur ya yi amfani da rubutacciyar waƙa wajen farkar da Arewa, Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen sukar zalunci tun kafin a kafa NEPU a 1950, Ɗanmaraya Jos kuma ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota da sauran marasa galihu waƙa.

Haka nan Hausawa suna da nasu wasan da ke rage zafin gaba, wato barkwancin taubasantaka: Katsinawa da Kabawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Barebari. Makwabciyarmu Nijar ta ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har UNESCO ta amince da ita a 2014.

Amma fasaha wuƙa ce mai kaifi biyu. Tamburan da suka tarbi Sarkin Musulmi a Argungu irinsu ne suka riƙa zuga mayaƙa a ƙarnin da ya gabata. A yau akwai mawaƙan da ke yi wa 'yan bindiga kirari, da mawaƙan siyasa da ke cin abinci da zagin abokin hamayya, da masu bidiyo a TikTok da ke ɗora laifin mutum ɗaya kan ƙabila sukutum. Shi ya sa tambayar wa ke biyan mawaƙi take da muhimmanci. Ko tashar Arewa24, wadda shirinta na Daɗin Kowa ya taɓo almajirci da tsattsauran ra'ayi ta hanyar da ta shiga gidaje da yawa, ta fara ne a 2014 da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Wannan bai rage darajar shirin ba, amma mai kallo na da haƙƙin sani.

Me wannan ke nufi ga muhawarar yau?

Idan aka ɗora sulhun Katsina da na Zamfara kan wannan sikeli, za a ga sun fi kama da Lafiyar Toga, har ma ba su kai ta ba. An zauna da shugabannin daba, ba a karɓe mafi yawan makamai ba, ba a saurari matar da aka kashe wa miji ko makiyayin da 'yan sa-kai suka kashe wa ɗa ba, ba a kuma samar da wurin da manomi da makiyayi za su riƙa haɗuwa bayan kyamarori sun tafi ba.

Lakurawa kuwa batunsu daban ne. Rahotanni sun nuna wasu al'ummomin Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato ne suka fara karɓarsu don su kare su daga ɓarayin shanu, kafin su juya su fara karɓar zakka da ƙarfi da hukunta mutane. A watan Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Babu wata waƙa ko biki da zai maye gurbin aikin jami'an tsaro a kansu. Inda aikin masu sasanci yake shi ne toshe tsagar da suka bi suka shigo, wato rashin yarda tsakanin maƙwabta, da jin cewa hukuma ta yi nisa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne matasa ke da aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi. A masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru akwai dattawan da suka shafe shekaru suna raba rigimar burtali da mashaya da gonakin fadama: ardo-ardo, sarakunan noma, sarakunan ruwa, limamai, fastoci, tsofaffin makaɗan fada, da matan da ke sasanta gidaje ba tare da wani muƙami ba. Ilmin yawancinsu yana cikin kawunansu ne, kuma yana tafiya tare da su kabari. Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu ya adana makamai da tamburan sarakuna. Muryoyin waɗanda suka hana a sake ɗaukar makaman su ma sun cancanci adanawa.

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke da waya a aljihu zai iya fara wannan aiki a ƙarshen mako. Ya nemi izini, ya zauna, ya yi tambayoyi masu sauƙi: wace rigima ce kuka kashe, wa ya fara zuwa wurin wa, me aka biya, wa ya karya alkawari, me aka yi masa? Amsoshin su ne ma'aunin da za a tunkari duk gwamna ko ɗan takarar da ya zo da maganar sulhu gobe, a tambaye shi ina makaman, ina haƙƙin waɗanda aka zalunta, kuma a ina jama'a za su sake haɗuwa baɗi.