Ƙararrawar Gobara da Aka Ɗaure wa Baki

Duk wanda ya san Ojoo a Ibadan, inda babbar hanyar Legas ta zo ƙarshenta ta haɗu da hanyar Oyo da Ilori mai kai mutum Arewa, ya san cewa fili ya yi tsada ƙwarai a wannan wuri, har ya zamana shago na jingine da shago, sito na bayan masauki, mai shayi ya kafa teburinsa a jikin bangon mai sayar da katifa, ga kuma tireloli da tankokin mai suna kwana a bakin titi. Mu Hausawan da muke neman abinci a nan, da 'yan'uwanmu na tsohuwar Sabo ta wajen Mokola, wadda aka yanka wa kakanninmu tun 1916, mun tarar da wannan cinkoso ne, kuma ba mu da ikon sauya shi. Abin da Allah ya ba mu iko a kansa shi ne mu yi tanadin yadda za mu ji labarin wuta tun tana ƙarama, lokacin da bokitin yashi ɗaya ko tukunyar kashe gobara ɗaya za ta wadatar, kafin ta kai matsayin da ko motocin 'yan kwana-kwana sun zo sai dai su tsare maƙwabta.

A 'yan shekarun nan wasu daga cikin attajiranmu sun fara sayen na'urar nan mai gano hayaƙi, farar aba mai kama da ƙaramin faranti da ake maƙalawa a silin, kuma da na fara ganinta a shaguna na yi murna, na ce alhamdu lillahi, mutanenmu sun farka. Amma murnar ba ta yi nisa ba. A hunturun da ya wuce na shiga siton wani bawan Allah mai sayar da katifu da robobi da buhunan leda, wato kayan da babu abin da wuta ta fi so kamar su, da na ɗaga kai sai na ga na'urar tana nan a inda aka kafa ta, amma an lulluɓe ta da baƙar leda, an ɗaure da roba tamau, ƙura ta yi wa ledar rawani. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ai Malam, ta dame mu ne. Ba wuta ba komai sai ta kama ihu. Yara na shara, ihu. Mai tsire ya hura wuta, ihu. Har maƙwabta sun fara yi mana ba'a." A ɗaki na biyu kuwa murfin tata na reto, gurbin batir wayam, domin wai tana wata 'yar tsuwa da dare tana hana maigadi barci, alhali wannan tsuwar ita ce hanyar da na'urar take sanar da cewa batirinta ya kusa ƙarewa. Daga ranar na riƙa ɗaga kai a duk shagon da na shiga, sai na tarar ashe Alhaji ba shi kaɗai ba ne.

To, jama'a, ina amfanin wannan? Mutum ya ɗauki maigadi, ya biya shi lada, sa'an nan ya ɗaure masa baki da ƙyalle don kada ya tashe shi daga barci, kuma ya kwanta yana mai natsuwa cewa gidansa da tsaro. Alal haƙiƙa wanda bai sayi na'urar ba sam ya fi wannan aminci, domin shi ya san ba shi da komai, saboda haka yakan zagaya ya duba kafin ya rufe. Shi kuwa mai leda ya sayi gafala ne da kuɗinsa. Sai dai adalci ya wajabta in ce laifin ba na Alhaji ne shi kaɗai ba, tun daga ranar saye aka yi kuskuren, sa'ad da aka ba shi irin da bai dace da wurinsa ba, aka kafa masa ita daidai bakin ƙofar da ƙurar titi da hayaƙin gashi suke shigowa, aka karɓi kuɗi aka tafi ba tare da an gaya masa ko kalma ɗaya game da kula da ita ba.

Ya kamata mai saye ya san cewa na'urorin nan ba iri ɗaya ba ne, ko da yake a ido sun yi kama. Wadda ta fi yawa a yau tana da ɗan ɗaki mai duhu a cikinta, da ɗan haske, da wani ido da ke kallon gefe. Idan hayaƙi ya shiga sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, sai ta yi kuka. Wannan ita ce ta fi saurin jin wutar da ke ci a hankali ba harshe, irin ta katifa, ko tsumma, ko wayar lantarki da ta yi zafi a cikin silin, kuma ita ce ta dace da sito da ofis da ɗakunan kwana na masauki. Amma idon nata ba ya rarrabe hayaƙi da ƙurar hunturu, ko tururin ruwa, ko ƙwaron da ya shiga ya yi gida, don haka wanda ya kafa ta a inda ƙura ke tashi kullum ya kafa wa kansa fitina. Akwai wata tsohuwar iri mai ɗan ƙwayar sinadari a ciki, wadda ta fi saurin jin wuta mai harshe, amma ita ta fi kowacce yawan kukan banza kusa da girki, kuma takan yi nawa ga wuta mai turnuƙewa. Ta uku kuwa ba ruwanta da hayaƙi, zafi take aunawa, takan yi kuka idan ya kai wajen digiri 58, ko idan ya tashi farat ɗaya. Ita ce ta madafa, da rumfar mai shayi, da ɗakin janareto, da duk inda ƙura da hayaƙi suka zama abincin yau da gobe. Sharaɗinta biyu ne: kada a dogara da ita a ɗakin da mutane ke kwana, domin kafin zafi ya kai haka hayaƙi ya riga ya yi aikinsa, kuma idan rufin kwano ne tsirara ba silin, a gaya wa mai sayarwa, ya ba da wadda aka yi don wuri mai zafi.

Da siton Alhaji ya sami mai ba shi shawara ta gaskiya, da an sa mai auna zafi a bakin ƙofa wajen mai tsire, an kai mai gano hayaƙi can ciki saman katifu, a tsakiyar silin, nesa da bango da kamar rabin mita, nesa da fanka da taga, kuma da ba a taɓa buƙatar leda ba. Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce mai gano hayaƙi ɗaya ba ta tsaron abin da ya wuce mita 7.5 daga inda take, mai auna zafi kuwa ba ta kai haka ba. Kuma bango ko tulin kaya da ya kusa taɓa silin yakan raba ɗaki biyu, kowane ɓangare sai da tasa. Wanda ya jera buhuna har suka rufe ta, shi ma ya sa mata leda ne ta wata fuska.

Akwai kuma tambayar da ban taɓa jin mai saye ya yi ba, alhali ita ce uwar tambayoyi: idan ta yi kuka, wa zai ji? Mu tuna da manyan gobarar da suka girgiza mu. Ta kasuwar Sabon Gari a Kano cikin Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, cikin dare ta tashi. Ta kasuwar Akesan a garin Oyo, nan kusa da mu, cikin Janairun 2020, ita ma kafin gari ya waye ta gama ɓarnarta. Ta kasuwar kayan gyaran mota ta Araromi a Agodi, nan cikin Ibadan, cikin Afrilun 2021, da dare ce. Ƙaramar na'ura mai batir da ke kuka a cikin shagon da aka ja wa ƙofar ƙarfe aka sa kwaɗo uku, ga janareton maƙwabci na ruri, ba wanda zai ji ta sai ɓeraye. Saboda haka wurin sana'ar da ake rufewa a tafi gida, lalle ne a haɗa na'urorinsa da jiniya a waje, inda maigadi yake, in da hali kuma a ƙara da akwatin nan mai layin waya, wanda ke buga wa mai shago da mutum biyu ko uku da zarar abu ya faru. Sai dai a tuna layin nan yana bukatar kuɗi a ciki kamar kowane layi, kuma idan aka bar shi ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya rufe shi.

Mai shago ɗaya ko biyu, wannan ya ishe shi. Amma mai masauki, ko mai bene da ofisoshin 'yan canji, ko jerin shaguna ƙarƙashin rufi guda, shi nasa sai cikakken tsari mai akwatin sarrafawa, da maɓallan bango da mutum zai danna in ya ga wuta da idonsa, da jiniyar da za a ji a kowane ɗaki ko an rufe ƙofa. Irin wannan ma kashi biyu ne. Mai sauƙin kuɗi yana raba gini shiyya-shiyya, ya ce maka wuta tana hawa na biyu, sai ka je ka nema. Mai tsada kuwa kowace na'ura da lambarta, ya ce maka ɗaki kaza ne. Ƙaramin gini ba ya bukatar na biyun, kada a bari ɗan kwangila ya ɗora wa mutum abin da ba zai iya riƙewa ba, amma a dogon gini mai ɗakuna da yawa mintunan da za a ɓata ana buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya su ne mintunan da ake tsira a cikinsu. Mutanen Ibadan ba sa bukatar a gaya musu cewa girman gini ba ya hana shi ci: Cocoa House, mai hawa 26, abin alfaharin garin nan tun 1965, ya kama wuta a Janairun 1985, kuma sai a 1992 aka sake buɗe shi.

Batun lantarki ba sai na tsawaita ba, kowa ya san halin da muke ciki. A tambayi mai sayarwa awa nawa batirin akwatin zai riƙe idan an ɗauke wuta. Ƙa'ida ita ce kada ya gaza awa 24, kuma a sa masa abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi. Lungun da aka jibge inbata da batiran sola, wanda galibi shi ne mafi duhu da rashin iska a shago, ya fi ko'ina cancantar a sa masa na'ura. Gobarar benen Afriland a Legas cikin Satumbar 2025 daga ɗakin inbata na ƙarƙashin ƙasa ta tashi, kuma hayaƙin da ya bi benen ya hau shi ne ya halaka mutane da rana tsaka. Iskar gubar da janareto ke fitarwa kuma, wadda ba ta da launi ba ta da wari, mai gano hayaƙi ba ta jin ta, tana da tata na'urar dabam, kuma ko da ita, janareto ba ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Adam.

Na san akwai mai cewa gobara ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Bayan haka akwai haƙƙin maƙwabtaka, domin a wuri irin namu wutar shagonka ba taka ba ce kai kaɗai, akwai kuma amanar kayan fatake da aka ajiye a sitonka, da rayukan yaran shago da baƙin da ke kwana a bayansa. Wanda ya san na'urarsa a ɗaure take ya yi shiru, ya je ya tambayi malaminsa ko sakaci irin wannan ba ya jawo lamuni.

Wajen saye, araha ba ta ado. A juya bayan na'urar a duba ranar da aka ƙera ta, domin bayan shekara 10 ba a dogara da ita, kuma akwai tsofaffin da aka ciro daga gine-ginen Turai ake sayarwa a matsayin sababbi. A karɓi rasiɗi, a sa mai kafawa ya gwada kowace ɗaya a gaban ido, a kuma yi yarjejeniya da shi a rubuce cewa zai riƙa dawowa duk wata shida, ɗaya daga ciki ta faɗo bayan hunturu don a share ƙurar da ta taru. Tsakanin zuwansa, a zaɓi rana guda a mako, ko da safiyar Juma'a ce, a danna maɓallin gwaji, yaran shago su san muryarta, su san kuma ƙofar da za su bi. Idan ta yawaita kukan banza, a kira shi ya share ta, ko ya matsar da ita, ko ya sauya iri.

Ina roƙon shugabannin kasuwa da masu unguwanninmu na Ojoo da Shasha da Sabo su sa wannan cikin abin da suke dubawa, kamar yadda suke duba kuɗin gadi da na shara, su kuma sa a rubuta lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta Jihar Oyo, 615, a jikin bangon kowane layi. Kai kuma mai shago, kafin ka sa kwaɗo yau da daddare, ɗaga kanka ka dubi silin. In akwai leda ka cire ta, in babu batir ka aika yaro ya sayo.